Wutsiyar Da Dakta Ya Liƙa Wa Katina

Kafin in ce komai, ku ɗin nan da kuka cika min waya da saƙo wancan makon, "Mama Temilda ki amince da Dakta mana," "Mama shekaru sun ja, irin wannan mijin ba ya zuwa sau biyu," ku matso kusa. Da ku nake. Kada wadda ta gudu. Har da ke mai hoton fure, da kika rubuto wai baƙin hali ne ya hana ni aure tun rasuwar mijina Evaristo. Na gan ki. Aji biyu na yi a firamare, amma zagi kam ina karanta shi tsaf.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Temilda Arrieta, shekarata sittin da huɗu. Talatin da biyar daga ciki a gaban kaskon arepa mai ƙwai, wainar masarar nan tamu, na yi su, a bakin ƙofar tsohuwar kasuwar garinmu, daidai inda masu kwale-kwale ke hawowa daga kogi da yunwarsu. Da kaskon nan na yi rufin gida, da shi na kai 'yata Yuranis har ta zama ma'aikaciyar jinya, ta dawo tana koya min yadda ake magana da mutane.

To, ofishin magajin gari ya gina sabuwar kasuwa. Rumfa arba'in. Lamba ɗaya tana bakin ƙofa, duk mai shigowa da ita zai fara cin karo. Na ƙarshe-ƙarshen kuwa suna can ƙurya, jikin banɗaki, inda ko kare sai ya yi shawara kafin ya je. Aka ce wanda ya fi daɗewa shi ke da ƙofa, amma kowa ya aiko da hujjarsa ta kwamfuta, kuma lallai ta zama wani abu wai shi PDF. Ban san ko wane ne shi ba, ban kuma damu ba. Ina da katina na izini, ruwan ɗorawa, na shekarar tamanin da tara, a naɗe cikin leda a bayan hoton Budurwa Maryamu. Babu mai irinsa a kasuwar nan. Ubaldina da ke soya tata arepar a tsallaken titi, tana kwaikwayona har yadda nake fasa ƙwai, sai casa'in da shida ta zo.

Nan Dakta Aristóbulo ya shigo maganar.

Ba ya duba mara lafiya, ba ya tsayawa a kotu. A nan duk wanda ya sa takalmi mai sheƙi ya rungumi jaka, Dakta ne. Aikinsa cika wa mutane takardu a kan bencin da ke gaban kantin magani. Wata uku yana zuwa gidana duk Lahadi, cikin farar riga mai aljihu huɗu, an goge ta har tana iya yanka, ga turaren da ke riga shi shigowa da minti biyar. Ya zauna a kujerata mai lilo, ya juya fanka ta kalle shi shi kaɗai, ya ce min "sarauniyata". Yuranis kuwa kamar ita ake nema.

Ga irin saƙonnin da take turo min daga asibiti:

"Mama, don Allah yau ki sa ɗan kunne."

"Mama, kada ki yi masa tsawa kamar jiya."

"Mama, mutum ne mai suna. Ki daina zancen wancan mai gyaran rediyon, hannunsa kullum baƙi."

Mai gyaran rediyon shi ne Wenceslao, Wence, mai shago a bayan layin masu kifi. Rediyo, fanka, waya, kwamfuta, duk abin da ya mutu wurinsa ake kaiwa. Matarsa ta rasu shekara tara. Kullum ƙarfe bakwai yana gaban kaskona, arepa biyu da baƙin kofi, ya ci, ya ce "Gishiri ya yi daidai, Temi," ya ja ƙafarsa mai ciwo ya tafi. Shekara tara, maganar ke nan. Ni ban ce ina zancensa ba. Yuranis ce ta ce.

Ranar wata Lahadi na ɗauko katin na ajiye a tebur ina mita. Dakta ya ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota.

"Sarauniyata, wannan ai wasan yara ne. Ki bar shi a hannun masu ilimi."

Ya ɗauki katin ya fita tsakar gida don ya ɗauke shi hoto da wayarsa, wai haske ya fi kyau a gindin mangwaro. Ya daɗe. Har sai da na leƙa ta taga na ƙwala masa kira cewa miyar sancocho za ta huce. Ya dawo ya miƙo min katina, ya ci kwano biyu da ƙari, ya ce gobe da safe zai aika daga kwamfutarsa.

Bayan sati biyu aka liƙa sunaye a bango. Na kutsa cikin mutane, na fara daga sama da yatsana. Lamba ɗaya: Ubaldina. Na ce idona ne. Na bi layi ina sauka, ina sauka, har sai da na durƙusa. Lamba talatin da takwas: Temilda Arrieta. A gefe an rubuta da jan biro: takardarta ta lalace.

Ina durƙushe Ubaldina ta dafa kafaɗata.

"Ayya, maƙwabciya. Amma kin huta, kin ga banɗaki kusa. A shekarunki ai gata ne."

Jama'a, Allah ne ya rufa asiri ludayin ba ya hannuna.

Da rigar aikina, da mai a gabanta, na faɗa ofishin kwamitin kasuwa. Seño Marelbis, wato Malama Marelbis, ce ke riƙe da shi, mace mai tabarau a rataye da sarƙa, wadda ba ta taɓa sauri ba tun da aka haife ta. Na buga katin a kan teburinta.

"Ga shi. Ina ya lalace? Nuna min wurin."

"Doña Temilda, ba wannan ba. Wanda aka aiko." Ta juyo min da fuskar kwamfutar. Ga wani ɗan abu ja da sunana a ƙasa. Ta danna sau biyu. Wani akwati ya fito. Ta karanta min: ba a iya buɗewa, ya lalace.

"To ga na gaske a gabanki. Ɗauka."

"Ba zan iya ba. An rufe karɓa. Kina da damar ƙorafi ranar Juma'a, amma doka ta ce abin da aka shigar tun farko shi kaɗai za a sake dubawa. Babu sabuwar takarda."

"Sabuwa? Katin nan ya girmi 'yarki!"

"Ranar Juma'a, ƙarfe tara, Doña."

Daga nan na wuce gaban kantin magani. Dakta na ganina ya miƙe, ya fara gyara maɓalli.

"Sarauniyata, na ji, na ji. Sakacin ofis ne. Ni da hannuna na mayar da shi PDF."

"Yaya ka yi?"

"Sirrin aiki ne, amma tunda ke ce. Ƙarshen sunan ake gogewa a rubuta P, D, F. Nan take alamar ta koma ja. Da idona na gani."

"Ka buɗe ka ga katina a ciki kafin ka aika?"

Ya yi 'yar dariya irin ta wanda yaro ya yi wa tambaya. "Wanda ya san aikinsa ba ya buƙatar leƙe."

A lokacin ban san me ke damuna da amsar nan ba, amma ban yarda da ita ba. Kuma na lura da wani abu: a aljihunsa na ƙasa akwai arepa a naɗe, takardar da aka naɗe ta ba irin tawa ba ce.

Ban gaya wa Yuranis ba, na bi ta layin masu kifi. Wence na zaune cikin gawarwakin fanka, tabarau a kan hanci, yana liƙa wata waya da dalma. Na zayyana masa komai, har da P da D da F. Ya ajiye ƙarfen, ya cire tabarau, ya rufe fuska da hannu biyu. Kafaɗunsa na rawa.

"Dariya kake yi min, Wence?"

"Ba ke ba, Temi. Zauna. Kin ga kowane abu a kwamfuta yana da suna, a ƙarshen sunan akwai ɗigo da 'yan haruffa. Wutsiya nake ce musu. Kwamfutar Seño Marelbis wutsiyar kawai take kallo. Ta ga PDF, sai ta kira manhajar da ke karanta takardu ta ce ga naki. Ita kuma ta leƙa ciki, ta ga ba irin abincinta ba ne, sai ta ce ya lalace. Alhali lafiyarsa lau. Sunan ne ƙarya."

"Ban gane ba."

"Robar askirim da ke firij ɗinki, me ke ciki?"

"Wake."

"Gwangwanin biskit na Kirsimeti fa?"

"Zare da allura. Kai, wa ya taɓa samun biskit a ciki?"

"To shi Dakta ya ɗauki robar wake ya rubuta askirim a murfi, ya zaci waken ya daskare ya yi zaƙi."

Sannan na faɗi wata kalma da ba zan rubuta muku ba.

Ya nuna min wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur, ƙatuwa, launinta kamar haƙorin mai shan taba. Ya ce akwai manhaja a cikinta da ba ruwanta da wutsiya, murfin take ɗagawa. Wai kowane irin abu da yadda cikinsa ke farawa, hoto da nasa farkon, takarda da nata, waƙa da nata, ita kuma duk ta san su kamar yadda nake gane man da ya tsufa daga ƙamshi.

"Hoton katinki na nan ciki, Temi, na yi imani. Sai dai ba za su bari a fito da fayil ɗin daga ofis ba."

"To?"

"To sai ita kwamfutar ta je."

Ranar Juma'a na sa doguwar rigata shuɗiya ta zuwa coci, na ɗaure gashi, na ƙi sa ɗan kunne da gangan. Yuranis ta ɗauki hutu ta biyo ni tana ta "Mama, don Allah a hankali". Ɗakin ya cika da 'yan kasuwa. Ubaldina a gaba cikin sabuwar riga mai furanni, ta yi jan baki tun da safe kamar mai zuwa biki. Ni a dama, ita a hagu. Dakta ya zo ya ja kujera ya ajiye ta a tsakiya cif, kamar ya auna da igiya.

Tara da kwata babu Wence. Ubaldina ta fara fifita da takarda tana duba agogo. Sai muka ji hayaniya a waje, maigadi na cewa, "Baba, ba a sayar da tsofaffin ƙarafa a nan!" Na leƙa. Ga Wence yana turo baro, da ƙafar nan tasa, daga bayan layin kifi har nan cikin wannan rana. Kwamfutar a kwance kan katifar jariri, fuskarta a naɗe da tawul, lasifika biyu a rataye a wuyansa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Amma an goge ta. Shekara tara ban taɓa ganin rigarsa da guga ba.

Yuranis ta raɗa min, "Mama, abin kunya."

Na ce, "Je ki kama masa."

Aka jona wayoyi. Kwamfutar ta yi tari, ta yi gurnani, ta tashi. Seño Marelbis da kanta ta kwafo fayil ɗin a ɗan filas ɗin ofis ta soka, don kada a ce an yi canji. Wence ya danna. Ya matso da fuska. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sannan ya juyo ya kalle ni, kallon da bai yi min daɗi ba.

"Temi... ba takarda ba ce."

"Ai mun sani. Hoto ne."

"Ba hoto ba ne kuma."

Na hango kaina a rumfa ta talatin da takwas ina korar ƙuda har in mutu.

"Murya ce," in ji shi. "Saƙon murya. Minti ɗaya da ɗan kai."

Daga baya Wence ya fahimtar da ni yadda aka yi. Da Dakta ya juye kayan wayarsa a kwamfuta, abubuwa biyu ne masu kwanan watan Lahadin nan, hoton katin da wannan saƙon muryar, sunayensu duk lambobi, alamarsu duk fara fat saboda kwamfutarsa ba ta san ko ɗaya ba. Ya zaɓi na sama ya liƙa masa wutsiya. Wanda ya san aikinsa ai ba ya leƙe.

Amma a lokacin abin da na gani kawai shi ne Dakta ya miƙe zumbur, zufa ta karyo masa.

"Seño, a madadin wadda nake wakilta, na janye wannan—"

"Wa kake wakilta?" na ce. "Zauna. Seño, doka ta ce a duba abin da aka shigar ko ba ta ce ba?"

Seño Marelbis ta ɗora tabarau a hanci. "Ta ce."

"Wence, kunna. Ka ƙure."

Aka fara jin kukan zakarana. Na san shi, muryarsa a dishe take. Sannan muryar Dakta, ƙasa-ƙasa, ta cika ɗakin:

"Fulgencio, ɗan'uwa, sha labari. Ina tsakar gidan tsohuwar yanzu haka, katin na hannuna. Lamba sifili ɗaya huɗu, sha biyu ga Maris, tamanin da tara, da hatimi da komai. Ita za ta ci ƙofa, babu tantama, Ubaldina casa'in da shida ce. Amma ban saki Ubaldinar ba tukuna, ka san halin ofis. Lahadi nan, Alhamis can. Duk wadda ta samu lamba ɗaya ita zan aura, in kafa teburina a jikin rumfar, duk mai takarda ya same ni a bakin ƙofa cikin inuwa. Ita Temilda bakinta adda ne, amma ta iya suya. Ubaldina ga fara'a, ga jiki, sai dai arepar tata, ɗan'uwa, tayar babur. Ran Alhamis saura kaɗan in bar haƙori a ciki..."

Sai ga wata murya daga nesa, kamar ana kiran shanu: "Dakta! Miya za ta huce!"

"Ina zuwa, sarauniyata!"

Ƙit.

Ni na zaci ni zan fara tashi. Ina! Ubaldina ta riga ni. Ta miƙe a hankali, ta sunkuya ta zare takalmin ƙafar dama. Ba ta tambayi Lahadi ba. Ba ta tambayi aure ba.

"Tayar babur?" ta ce. "Aristóbulo. Tayar babur?"

"Ubaldinita, zancen maza ne, raha ce—"

Takalmin ya same shi a kunne. Ni kuma da ba na son a ce na zo kallo, na sauke masa jakarsa a ka, takardu suka watse. Shekara ashirin da takwas ni da Ubaldina ba mu taɓa haɗa hannu a kan komai ba sai ranar. Daga baya wani mai sayar da rogo ya ɗaga murya, "Kai, ni ma fa shi ya aika min tawa, aka ce ta lalace!" Wata mai kifi ta ce ita ma. Mutum shida. Dakta ya ga ƙofa, ya bi ta da takalmi mai sheƙi, su shidan na biye da shi har titi.

Seño Marelbis ta shige bayan wani babban fayil, kafaɗunta na rawa. Da ta fito ta share ido, ta gyara murya.

"Malam Wenceslao, maimaita min farkon."

Ya maimaita. Ta rubuta: sifili ɗaya huɗu, sha biyu ga Maris, tamanin da tara. Ta tashi da saurin nan nata na kunkuru, ta buɗe kabad, ta ciro wani tsohon littafin rajista da gara ta ci gefensa. Ta yi ta buɗawa. Yatsanta ya tsaya.

"Sifili ɗaya huɗu. Temilda Arrieta, suyar arepa." Ta miƙo hannu. "Kawo katin. Ba karɓa zan yi ba, kwatantawa zan yi. Abin da aka shigar ya faɗi lamba da rana, kuma ga su a littafinmu. Doka ba ta ce hujja ba za ta yi magana ba."

Ta buga hatimi. Lamba ɗaya.

Ubaldina ta koma lamba biyu, wato bango ɗaya za mu raba har Allah ya ɗauki ran ɗayanmu. Tana neman takalminta a ƙarƙashin kujeru na ce mata, "Ruwa kike ragewa a ƙullin, shi ya sa." Ta ce in je in mutu. Amma na ga ta riƙe maganar.

Sauran shidan suka dawo suna haki, suka yi layi a gaban kwamfutar Wence. Nasu duk hotuna ne, lafiya lau, an liƙa musu wutsiyar ƙarya. Har azahar yana ɗaga murfi.

Yanzu ga abin da nake bi. Yuranis ta ba ni haƙuri, amma rabi, a saƙo, da hoton fuska mai hawaye. Ban karɓa ba, sai ta zo ta faɗa da baki. Ku ma masu "Mama ki amince", ina jiran naku ɗaya bayan ɗaya, mai hoton fure ta fara.

Yau da safe ƙarfe bakwai Wence ya zo sabuwar rumfa. Arepa biyu, baƙin kofi. Ya ci, ya goge baki. Na jira zancen gishiri. Bai yi ba. Sai ya ajiye wani ɗan filas a gefen kwandon ƙwai, ya ce, "Naki ne, Temi," ya ja ƙafa ya tafi da saurin da ban san yana da shi ba.

Da rana Yuranis ta gan shi a kan tebur. Kafin in fito daga wanka ta soka shi a kwamfutarta, 'yar sa-ido, halin dangin ubanta. Na tarar da ita tana dannawa tana tsaki.

"Mama, abu ɗaya ne a ciki, sunanki ne a jiki. Ja ne, amma ya ƙi buɗewa. Wai ya lalace."

Na karɓe abina na jefa a aljihu.

"Bai lalace ba," na ce.

"To me ke ciki?"

"Ba naki ba ne."

Mutumin da ya san wutsiya fiye da kowa a garin nan ba zai yi wannan kuskuren ba. Ya san wadda za ta fara sokawa, ya kuma san kwamfuta ɗaya ce tak ke ɗaga murfi, tana ƙarƙashin tebur a bayan layin masu kifi. Na kashe wutar kasko tun ƙarfe uku. Shuɗiyar rigar na jikina. Yuranis na tsaye a bakin ƙofa tana kallon kunnena, baki buɗe.

E, na sa ɗan kunnen. Wadda ke da magana ta faɗa.